Kafin A Sayi Kwamfuta, A Gyara Rajista

Ranar 11 ga watan Yuli na shekarar 2024 Kotun Ƙoli ta Nijeriya ta yanke hukunci cewa kason kowace ƙaramar hukuma daga asusun Tarayya a riƙa zuba mata shi kai tsaye, ba sai ya bi ta hannun gwamnatocin jihohi ba. Jama'a sun yi murna, ma'aikata sun yi murna, ko da yake aiwatar da hukuncin ya shiga tafiyar hawainiya. Amma a cikin wannan hayaniya akwai wata tambaya da ba a cika yi ba, alhali kuwa ita ce ya kamata a fara da ita. In kuɗin ya iso, a wane littafi za a rubuta shigarsa da fitarsa, kuma wane ne zai iya nemo takardar shaidar bayan shekara biyar? Hukumar da ba ta iya nuna takardar abin da ta yi bara ba za ta iya kare 'yancin da aka ba ta bana ba.

Duk wanda wata lalura ta taɓa kai shi sakatariyar ƙaramar hukuma, a Arewa ko a Kudu, ya san ɗakin da ake kira rajista. Galibi shi ne ɗaki mafi duhu a ginin, can wajen baya, inda rufi yake yoyo da damina, ƙura kuma take shiga da hunturu. Kabad sun cika sun batse, saboda haka an jibge sauran fayiloli a ƙasa, wasu an ɗaure da igiya, wasu an cusa cikin buhun taki, gara na ci ta ƙasa, ɓera na ci ta sama. Akan sami wani dattijon akawu guda ɗaya wanda ya san inda kome yake, a cikin kansa, ba a cikin wani littafi ba. Ranar da ya tafi ta'aziyya aiki ya tsaya, ranar da ya yi ritaya kuwa sai a wayi gari hukuma ta manta da rabin abin da ta sani. Ba a ce dukan ƙananan hukumomi 774 haka suke ba. Akwai waɗanda suka yi ƙoƙari, kuma sun cancanci yabo. Sai dai kalmar nan ta "ba a ga fayil ba" ta zama ruwan dare har talaka ya daina mamakinta, ya ɗauke ta kamar zazzaɓin damina.

Abin da ya sa lamarin ya fi ƙarfin a yi masa riƙon sakainar kashi shi ne, in aka duba ayyukan da Tsarin Mulki na 1999 ya lissafa wa ƙananan hukumomi a Jadawali na Huɗu, za a tarar da yawa daga cikinsu aikin rubutu da ajiya ne. Akwai rajistar haihuwa da mutuwa da aure. Akwai raɗa wa tituna suna da bai wa gidaje lamba. Akwai kimanta gidaje domin karɓar harajinsu, da ba da lasin kekuna da amalanke da baro da kwalekwale, da kula da kasuwanni da tashoshin mota da mahauta da maƙabartu. Wanne ne daga cikin waɗannan zai yiwu ba tare da littafi ba? Hukumar da ba ta san yawan rumfunan kasuwarta ba, ba ta da hanyar sanin ko mai karɓar kuɗin rumfa ya kawo duka ko ya kawo rabi.

Bugu da ƙari, Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa wa ƙaramar hukuma ikon ba da takardar mallaka ta gargajiya a kan filayen da ba na birni ba, har zuwa hekta 500 domin noma, da hekta 5,000 domin kiwo, ba tare da neman amincewar Gwamna ba. Wannan ba ƙaramin iko ba ne. Gona da burtali da makiyaya su ne abubuwan da ake zubar da jini a kansu a ƙasar nan. Idan babu littafin da ya nuna wa aka ba, yaushe, daga ina zuwa ina, to, sai rantsuwa da ƙarfin baki su maye gurbin hujja, kuma a irin wannan shari'a mai kuɗi ba ya faɗuwa.

Ba a kan haka aka faro ba. A zamanin En'e, tun daga lokacin da aka kafa baitulmali a masarautun Arewa kafin Yaƙin Duniya na Farko, rubutu shi ne ƙashin bayan mulki. Kowace shekara malaman haraji sukan bi gunduma ƙauye ƙauye, su rubuta sunan kowane magidanci da baligan gidansa, a ƙidaya shanu domin jangali, dagaci ya kai wa hakimi, hakimi ya kai wa ma'aji, kowane kwabo da rasit ɗinsa. Di'o in ya fita rangadi yakan buɗe littafin kuɗi ya ƙirga abin da ke cikin akwati, in an sami giɓi malami ya san makomarsa. Aka kuma buɗe makarantar horar da akawuna a Zariya, wadda ta zama Makarantar Koyon Aikin Mulki ta Kongo, inda aka yaye ma'aikatan En'e masu ɗimbin yawa. Kada mai karatu ya ɗauka yabon wancan zamani ake yi. Bature bai tsara littattafan nan domin ƙaunar talaka ba, ya tsara su ne domin kada ko anini na haraji ya kuɓuce masa, kuma mutane da yawa sun sha duka da ɗauri ta dalilinsu. Amma abin lura shi ne, har yau mai binciken tarihi yana iya zuwa Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa da ke Kaduna, reshen hukumar da Farfesa Kenneth Dike ya assasa a Ibadan a 1954, ya ba da lambar fayil, a ɗauko masa rahoton kimanta harajin wata gunduma na shekarun 1920. Sa'an nan mutumin nan ya tafi sakatariyar wannan gunduma ɗin, wadda yanzu ta zama ƙaramar hukuma mai shugaba da kansiloli, ya nemi takardar kwangilar rijiyar da aka haƙa shekara bakwai da suka wuce, a yi ta yi masa "dawo gobe".

Yaya aka yi zaren ya tsinke? Gyaran fuskar da gwamnatin soja ta yi a 1976 ya rushe tsarin En'e, ya kawo ƙananan hukumomi 301 masu fasali iri ɗaya a duk faɗin ƙasa. Daga nan aka shiga tsattsaga su, suka kai 589 a 1991, suka kai 774 a 1996. Duk lokacin da aka raba hukuma biyu ko uku, akan zauna a raba motoci da kujeru da ma'aikata, a yi ta ja-in-ja a kan tarakta, amma ba a cika zama domin raba takardu bisa tsari ba. Ma'aikaci ya koma sabuwar hedikwata, fayil ɗinsa na tsohuwa. Fili ya faɗa cikin sabuwar hukuma, littafin da aka rubuta shi yana can inda ba mai bukatarsa. Har ila yau, soke haraji da jangali da gwamnatocin Kano da Kaduna suka yi a 1979 ya sauke wa talaka kaya mai nauyi, kuma ba mai hankalin da zai nemi a maido da wancan zalunci. Sai dai littafin haraji shi ne kaɗai ƙidayar shekara shekara da ƙauye yake da ita, kuma ba a yi tanadin abin da zai gaje shi ba. Ga shi kuma kuɗin man fetur ya riƙa zuwa daga sama kowane wata. Hukumar da ba ta dogara da kuɗin jama'arta ba, ba ta ga dalilin wahalar da kanta wajen sanin su waye jama'ar ba.

Waɗanda suke ɗanɗana kuɗar wannan sakaci sanannu ne. Malamin firamare ya yi shekara 35 yana cin alli, ya zo karɓar fansho da garatuti, a ce masa babu takardar ɗaukarsa aiki a cikin fayil, ko kuwa takardar ƙarin girmansa ta ƙarshe ta yi ɓatan dabo, sai ya koma yana bin ofis ofis da tsofaffin takardu a cikin leda. In Allah ya yi masa rasuwa kafin a gama, matarsa da marayunsa su gaji zirga-zirgar. Masu karanta wannan shafi da ke zaune a Agege ko Sabon Ibadan ko Shagamu ko Fatakwal sun san wani nau'in wahalar. Yaro ya sami gurbin karatu ko na aikin soja, an ce ya kawo takardar shaidar asalin ƙaramar hukuma, dole uba ya rufe kasuwa ya hau mota ya yi tafiyar kwana da yini. In ya isa, babu wani littafi da za a buɗe a ga sunan gidansu, sai ya nemi sa hannun mai unguwa da dagaci da hakimi, ya jira shugaba ya dawo daga birni. Abin takaicin kuma, tun da ba littafi, wanda ba ɗan garin ba ne ma yana iya samun takardar in ya san hannun da zai sa wa goro.

Nan ne ya kamata a faɗi gaskiya ko da ɗacinta. Ba kowane ɓatan fayil ne sakaci ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma akwai masu tsaga bangon da gangan. Rashin tsari shi ne yake raya ma'aikatan bogi, waɗanda suke karɓar albashi ba su taɓa taka ofis ba, har da matattu. Shi ne yake ba da damar a biya ɗan kwangila sau biyu a kan aiki ɗaya, a sayar da fuloti ɗaya ga mutum uku, a buga littafin rasit na ɓoye a kasuwa. Shi ne yake mai da neman fayil sana'a, watau a ɓoye shi da safe, a "gano" shi da yamma bayan an ga na goro. Ƙasar nan kuwa tana da dogon tarihi na gobarar da take zaɓen ofisoshin gwamnati. Dogon benen NET na Legas ya kama wuta a watan Janairu na 1983, ofishin Babban Akanta na Tarayya a Abuja ya kama a watan Afrilu na 2020. Ba a nan za a yanke hukunci a kan musabbabinsu ba, amma jama'a ba su daina tuna karin maganar nan ba, wai kowa ya ƙona rumbunsa ya san inda toka take kuɗi. Ko babu mugun nufi ma, an ga yadda Boko Haram suka ƙona sakatariyoyi a Barno da Yobe, an kuma ga yadda tarzomar watan Oktoba na 2020 ta cinye Babbar Kotun Igbosere da wasu sakatariyoyi a Legas. Takardar da kwafinta ɗaya ne tak a duniya, ashana ɗaya ta ishe ta.

To, da zarar an kawo wannan kuka, amsar da take fitowa daga bakin manya ita ce a sayi kwamfuta. Ba shakka ana bukatarta, kuma wannan jarida ba ta cikin masu gudun zamani. Amma sayen kwamfuta kwangila ce, kwangila kuwa tana da masoya, shi kuwa tsara fayil aiki ne na ƙura da atishawa wanda ba a yanka masa kyalle a gaban 'yan jarida. Saboda haka sau da yawa akan sauke kwalaye a sakatariya, a ɗauki hoto, bayan shekara guda a tarar an lulluɓe injunan da zane, babu wuta, babu wanda ya iya, wanda ya kafa su ya tafi da mabuɗin sirrin. Kwamfuta ba ta gyara ƙarya. In aka zuba mata jerin sunayen da ke ɗauke da ma'aikatan bogi, za ta ci gaba da biyansu kowane wata, da sauri fiye da akawu, ba kuma tare da jin kunya ba.

Aikin farko na takarda ne, kuma ba ya bukatar miliyoyi. Lalle ne a fito da duk abin da ke cikin rajista da sito, a ƙidaya, a rubuta. A ware fayilolin da ake aiki da su daga waɗanda aka rufe. A raba su gida gida bisa aikin hukuma, watau na ma'aikata daban, na kuɗi daban, na filaye, na ayyuka, na lafiya, na ilmi, na zaman majalisa, kowane gida da harafinsa, kowane fayil da lambarsa wadda ba za a sake bai wa wani ba har abada. A buɗe babban littafi na jerin lambobi da sunaye, yadda baƙon akawu da ya kama aiki jiya zai iya nemo abin da ake so yau. Kowace takarda da ta shiga fayil a buga mata lambar shafi a jere, domin in an zare shafi na 14 kowa ya ga an tsallaka daga 13 zuwa 15. Wannan 'yar dabara, wadda tsofaffin akawuna suka sani sarai, ta fi makulli goma tsare gaskiya. Sa'an nan littafin shige da fice: fayil ba ya barin rajista sai an rubuta ranar fitarsa da sunan wanda ya karɓa, ya kuma sa hannu, kuma kowane mako a bi tebur tebur a ga abin da ya kwana a ina. Shugaban da yake tafiya da fayil gida a bayan mota, shi ma dokar ta hau kansa.

Akwai kuma batun abin da za a ajiye da abin da za a zubar, domin ajiye kome da kome shi ma hanyar rasa kome ce. Takardar neman hutun masinja ta shekara ashirin da suka wuce ba ta da hurumin cinye wurin da littafin filaye yake bukata. Tilas a sami rubutaccen jadawali mai faɗin tsawon rayuwar kowane irin takarda. Littattafan filaye, da na haihuwa da mutuwa da aure, da bayanan zaman majalisa, da rahoton kuɗi na ƙarshen shekara, waɗannan na dindindin ne. Sauran kuwa in wa'adinsu ya cika a ƙona su a gaban shaidu, bayan mai binciken kuɗi ya sa hannu, a kuma rubuta abin da aka ƙona. Muddin babu wannan jadawali, ɓarawo zai fake da shara ya ƙona bauca.

Bayan an yi wannan ne kwamfuta za ta yi amfani, kuma a fara da inda ciwo ya fi tsanani, watau fayilolin ma'aikata da albashi, da filaye, da kuɗin shiga. A tantance kowane ma'aikaci ido da ido, a haɗa sunansa da lambarsa ta ɗan ƙasa da lambarsa ta banki, kamar yadda Gwamnatin Tarayya ta bi da nata ma'aikatan a tsarin albashi na bai ɗaya da ta soma a 2007. A ɗauki hoton takardu a adana a inji, kowace da lambar fayil ɗinta na asali, kuma kada a yi gangancin zubar da asalin na dindindin. A ajiye kwafi a wuri fiye da ɗaya, guda a sakatariya, guda a babban birnin jiha. A sa wutar hasken rana tun daga farko maimakon dogaro da janareton da man sa yake ƙarewa ranar da shugaba ba ya gari. A rubuta cikin yarjejeniya ƙarara cewa bayanan mallakar hukuma ne, ba na kamfani ba. Injin kuma ya zama mai rubuta sunan duk wanda ya buɗe ko ya canja wani abu, da ranar da lokacin. Wannan ba ƙawa ba ce. Sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 ya yarda kotu ta karɓi takardar da ta fito daga kwamfuta, amma sai an tabbatar mata cewa injin yana aiki daidai kuma ana amfani da shi a kai a kai. Dokar Kare Bayanan Jama'a ta 2023 kuma ta ɗora wa duk mai riƙe da bayanan mutane alhakin tsare su, saboda haka ba daidai ba ne takardun asibiti ko na albashi su ƙare a hannun mai ƙosai tana naɗe wa yara.

Duk wannan ba zai tsaya ba sai da mutane. An daɗe ana mai da rajista wurin horo, inda ake jefa ma'aikacin da ya saɓa wa shugaba ko wanda aka rasa inda za a kai shi. Ya kamata Hukumomin Kula da Ma'aikatan Ƙananan Hukumomi na jihohi su mai da aikin adana takardu sana'a mai matakan ƙarin girma, yadda saurayi mai ƙwazo zai shige ta da fatan kaiwa wani matsayi. Wurin horarwa ba a rasa ba, domin tun ƙarshen shekarun 1970 aka ware jami'o'in Zariya da Ife da Nsukka domin horar da ma'aikatan ƙananan hukumomi. Dattijan akawunan nan kuma da suka haddace rajista, a zaunar da su tare da matasa a kwashe abin da ke kansu a rubuce tun suna nan.

Saura doka. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta wajabta wa hukumomin gwamnati su adana bayanan ayyukansu, su amsa wa mai tambaya cikin kwana 7, ta kuma tanadi ɗaurin da bai gaza shekara ɗaya ba ga jami'in da ya lalata ko ya jirkita takarda da gangan. An daɗe ana gardama ko dokar ta hau kan jihohi, har Kotun Ƙoli ta raba gardamar a 2025 da cewa ta hau. Abin da ya rage yana hannun Majalisun Dokoki na jihohi, waɗanda Tsarin Mulki ya bai wa ikon tsara ƙananan hukumomi. Su kafa doka cewa kowace ƙaramar hukuma ta naɗa jami'i guda mai alhakin takardu, kamar yadda Dokar Adana Takardun Tarihi ta 1992 ta bukaci ma'aikatun Tarayya su yi. Su ware wa rajista kaso a cikin kasafin kuɗi wanda ba za a karkatar da shi zuwa sayen mota ba. Su wajabta cewa duk shugaban da zai sauka ya miƙa jerin fayiloli da littattafan kuɗi ga magajinsa, a ƙirga a gaban Babban Mai Binciken Kuɗin Ƙananan Hukumomi na jiha, kuma kada a biya shi ko sisin kwabo na sallama sai mai binciken ya sa hannu cewa lissafin fayilolin ya cika.